Ɗalibina ya ce wata caji yake yi kamar fitilar sola, na rasa amsar da zan ba shi

Malamar Aji Uku: Assalamu alaikum malamai, barkanmu da war haka. Agaji nake nema. Yau a darasin kimiyya muna kan haske, na jera musu a allo abubuwan da ke ba da haske da kansu: rana, wuta, kyandir, tocila. Sai wata yarinya ta ce, "Malama, kin manta wata." Na ce a'a, wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi a wurin rana. Haka aka koya mana, haka kuma yake a littafi. Ban rufe baki ba wani ɗan mitsitsin yaro da ke zama bakin taga ya ɗaga hannu, wai shi ya gane: wata caji yake yi da rana kamar fitilar solar gidansu, in dare ya yi sai ya kunna. Ya ƙara da cewa shi ya sa wani lokacin ake ganin sa rabi, cajin ne bai cika ba. Wallahi nan take ajin gaba ɗaya ya bi shi, har da tafi. Na san ba haka ba ne, amma na tsaya da alli a hannu na rasa ta inda zan ɓullo masa. Na ce mu bari sai darasi na gaba. Yara 74 gare ni, ba wutar lantarki, tagoginmu ko marufi babu balle a ce a rufe a yi duhu a kunna tocila. Yaya zan yi da su?

Baban Walida: Hahaha! Wannan yaron a riƙe shi da kyau, injiniya ne. Ni kaina da na karanta sai da na yi jim.

Mai Gyaran Sola: Ya fi wasu kwastomomina fahimtar batir, Malama. Amma ki tambaye shi: ran da fitilarsu ba ta samu caji sosai ba, rabinta ke kamawa rabi ya mutu, ko duka take dusashewa? Duka take dusashewa. Shi kuwa wata, gefe guda tas, gefe guda baƙi ƙirin, kamar an sa wuƙa an yanka. Batir ba ya haka.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, yaron nan bai yi kuskure ba, ke ma ba ki yi ba. Laifin na kalmar "aro" ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina faɗar ta kafin na farga. In kika aro tabarma a maƙwabta, ɗauko ta kike yi ki kawo gida, ta kwana a wurinki, mai ita ba ya nan. To yaro ya ji an ce wata ya aro haske, me zai ɗauka? Ya karɓa da rana, ya adana, ya fito da shi da dare. Lissafinsa daidai ne a kan abin da aka gaya masa. Ki janye kalmar nan kawai. Wata ba ya ajiye komai. A lokacin da kike kallon sa, a lokacin rana ke haska shi.

Malamar Aji Uku: Baba, wallahi ban taɓa lura da wannan ba. To me zan ce a madadinta?

Antin Nazire: Ki tafi da madubi mana. Ni haka nake yi wa nawa. Mu fita waje, in tara madubin a rana, in wurga hasken cikin aji ya sauka a allo. Sai in ce rana ce waccan, madubin nan shi ne wata. Suna son shi sosai, kowa sai ya ce a ba shi ya riƙe.

Malam Fizik: Anti, ki yi haƙuri, ni ina da ja a kan madubin nan. Yana nuna cewa haske na dukan abu ya dawo, wannan gaskiya ne. Amma yana dasa wa yaro wani sabon kuskure, ya tashi yana zaton wata wani faifai ne mai sheƙi. Da wata madubi ne, ba za mu gan shi fari fat gaba ɗaya ba, ɗan ɗigon haske guda za mu riƙa gani mai kashe ido, irin wanda ake gani a jikin sabuwar tukunyar silba. Wata dutse ne da ƙura. Launinsa ma toka-toka ne mai duhu, kusan kalar tsohuwar kwalta. Cikin kashi 100 na hasken da ke sauka a kansa, kashi 12 kacal yake mayarwa. Duhun sama ne ya sa muke ganin sa fari. Kuma duk kyan farin wata na daren sha huɗu, rana ta ninka shi haske sau kusan 400,000. Bango ya fi madubi dacewa. A nuna wa yaro bangon da rana ta daka da hantsi, a tambaye shi ko bangon nan yana da fitila a ciki.

Antin Nazire: To Malam Fizik, 'yan shekara biyar zan tsaya yi wa bayanin kashi 12? Madubin dai yana sa su buɗe ido.

Malam Fizik: Ban ce ki jefar da shi ba. Ki yi madubin, sannan ki ɗauko farin hijabi ko farar takarda ki tara a rana kusa da fuskar yaro ɗaya da ke tsaye a inuwa. Za su ga kuncinsa ya yi haske. Hijabi ba ya sheƙi, ga shi ya mayar da haske. Wannan ne ya yi kama da aikin wata.

Malamar Aji Uku: Na ji na bango, na ji na hijabi. Amma na san yaron nan. Cewa zai yi, "Malama ai da dare rana ta faɗi, ta ina take haska shi?" Nan ne fa gizo ke saƙar.

Tsohon Hedimasta: Yauwa, yanzu kika zo wurin. Ba shi aikin gida, shi da sauran. Gab da magariba su tsaya a ƙofar gida. Unguwa duk ta shiga inuwa, ƙasa ba rana, amma su ɗaga kai su dubi saman hasumiyar masallaci ko ƙololuwar ƙarfen sabis. Za su ga har yanzu da jar rana a can. Bayan an kira salla ma, gajimaren da ke can sama yana nan ja. In an yi sa'a jirgi ya gifta, sai ka gan shi yana walƙiya alhali mu a ƙasa mun fara laluben takalmi. Abin da ya yi sama sosai yana ci gaba da ganin rana bayan mu ta ɓace mana. To wata ya fi su duka nisa. Rana ba mutuwa take yi da dare ba, mu ne ƙasa ta juya da mu muka ba ta baya. Yaron da ya ga hasumiyar nan da idonsa ba sai kin yi dogon turanci ba.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni ba malama ba ce, amma yau da magariba zan fitar da nawa su gani.

Malam Fizik: Ga lissafin ga mai so. Tsakaninmu da wata kusan kilomita 384,000 ne, tsakaninmu da rana kusan miliyan 150. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka na rana yana yin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu, wanda ya taso daga jikin wata kuma daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Rana ta fi wata faɗi sau kusan 400, ta kuma fi shi nisa sau kusan 400, shi ya sa a ido girmansu ya zo ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Malam, kai dai ba ka gajiya da sifili. Ɗan aji uku miliyan da dubu duk "da yawa" ne a wurinsa.

Malam Fizik: Ranka ya daɗe, na karɓi gyara. To a mayar da shi filin makaranta. In duniya ƙwallon ƙafa ce, wata ɗan ƙaramin lemo ne, a ajiye shi nesa da ƙwallon kamar mita shida da rabi. A sa yaro ɗaya ya riƙe ƙwallo, ɗaya ya riƙe lemo, su auna da taku. Sai a ce musu a wannan ma'aunin rana tana can sama da kilomita biyu da rabi, girmanta kuma ya kai bene mai hawa bakwai ko takwas. A littattafai ana zana su manne da juna don takarda ba ta isa ba, yara kuma su ɗauka haka abin yake.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina koyar da ajin firamare na CE2 a nan gefenmu na Nijar, matsalarmu ɗaya da taku, ba ɗaki mai duhu. Amma Malama ba ki buƙatar duhu, ba ki buƙatar tocila. Rana ta gaske tana nan kyauta. Yau nawa ga watan Musulunci a wajenku?

Malamar Aji Uku: Yau 15.

Ɗan Maraɗi: Madalla, kin zo a daidai. Ki jira daga 19 zuwa 22 ga wata. Da safe wajen ƙarfe takwas, lokacin da yara ke layi, ki dubi sama ta ɓangaren yamma, za ki ga wata tsaye, fari-fari kamar guntun gajimare. Abin farko da zai girgiza su ke nan, don a kansu rana ta yini ce, wata na dare, ba sa haɗuwa. Sai ki ba yaro lemo ko ƙwallo, ya miƙa hannu sama saitin watan. Ya dubi lemon, ya dubi watan. Gefen da rana ta haska a jikin lemo shi ne gefen da ta haska a jikin wata, siffarsu iri ɗaya sak. In watan rabi ne, hasken lemon ma rabi ne. Ranar da na fara yin wannan, wata yarinya ta saki lemon ya faɗi don mamaki. Ki raba su goma-goma, lemo bakwai ko takwas ya ishe ki. In lemo ya yi tsada, goruba ma ta yi. Abu ɗaya, su ba rana baya ko gefe, kar wanda ya kalle ta. In kuma akwai hazo a sama, sai ki haƙura sai wata mai zuwa.

Malamar Aji Uku: Kai! Wannan ita ce. Wallahi ni kaina ban taɓa gwadawa ba.

Baban Walida: Ni abin da ke ba ni mamaki, duk wannan ai yana cikin Alƙur'ani. Suratu Yunus aya ta 5, an kira rana "diya'u" an kira wata "nur". Nur kuwa ma'anarsa hasken da aka samo daga wani. A fara musu da ayar kawai, magana ta ƙare.

Malamin Islamiyya: Baban Walida, ayar haka take, kuma a Suratu Nuhu an kira rana fitila, wata kuma haske. Malamai sun yi magana a kan bambancin kalmomin biyu. Amma mu yi hattara da cewa "nur" ma'anarsa hasken da aka samo daga wani, kai tsaye haka. A Suratun Nur da wace kalma Allah ya siffanta kansa? Ka ga in ka kafa wa yaro wannan ƙa'idar, gobe ya kai waccan surar ka sa shi a ruɗu. Ni abin da nake yi, in karanta musu ayar yadda take, in bar malamar kimiyya ta nuna musu yadda abin ke gudana. Wadda ma ta fi burge yara ita ce ta Yasin, inda aka ce an ƙaddara wa wata masaukai har ya koma kamar tsohon busasshen reshen dabino. Sai in ce su duba watan 27 da asuba su gaya mini ko ya yi kama.

Baban Walida: Allah gafarta Malam, na karɓa. A wa'azi na ji, ban bincika ba.

Malama Daga Jos: Ajina haɗe yake, Musulmi da Kirista. Yaranmu Kirista ma sukan kawo ayar Littafin Farawa na Baibul, inda aka ce manyan haskoki biyu, babba ya mallaki yini, ƙarami ya mallaki dare. Nakan ce musu kowa ya riƙe nasa ya kai wa malamin addini, a nan lemo za mu ɗaga. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Malam Fizik: Tun da an zo nan, a sani cewa ba jiya aka fara wannan binciken ba. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala sukutum a kan hasken wata, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne wata ba kamar madubi yake mayar da haske ba. Anti, kin ga ba ni na fara ja da madubinki ba.

Antin Nazire: Kai Malam, har kabari ka je ka ɗauko mini shaida? Na sallama.

Maman 'Yan Biyu: Tambaya daga jahila. Ni tun ina firamare na ɗauka inuwar duniya ce ke rufe wata ya zama rabi. Ba haka ba ne?

Malam Fizik: Hajiya, manya da yawa haka suka ɗauka. A'a. Kullum rabin wata a haske yake, rabi a duhu, kamar lemon Ɗan Maraɗi. Abin da ke sauyawa shi ne ta wane gefe muke hango shi yayin da yake zagaya mu. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanmu ke yin 29 ko 30, shekarar Hijira ta zo kwana 354, azumi ya riƙa matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Inuwar duniya tana faɗa wa wata ne kawai ranar husufi, abin da muke cewa wata ya yi zazzaɓi, kuma ba ya faruwa sai wata ya cika. Wanda ya ga na daren 27 ga Yuli 2018 zai tuna yadda ya koma ja kamar garwashi. Malama, wannan ma hujja ce a kan mai caji: da batir gare shi, shiga inuwa ba zai dusashe shi ba.

Tsohon Hedimasta: Muna yara in aka yi wannan cewa ake rana ta kama wata, mu fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni muna kaɗawa wai ta sake shi. Husufin rana kuwa, wanda ba zan manta ba shi ne na Laraba 29 ga Maris 2006, ana gama ƙidayar jama'a. Ina Katsina a lokacin. Da hantsi gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Mutane suka cika masallatai. Liman ya tuna mana cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne, Manzo ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abin da ya dame ni a ranar, yaran da na gani suna kallon rana ta cikin gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila, wasu ta ruwan bahon wanki. Malamai, don Allah duk darasin da za a yi kan rana a fara da wannan: ba a kallon ta. Ba da baƙin tabarau ba, ba da hoton asibiti ba, ba ta cikin ruwa ba. Tana ƙona cikin ido ba tare da yaro ya ji zafi ba.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne Baba. Mai son ya nuna musu siffar rana, ya huda kwali da ƙusa, ya bar hasken ya sauka a kan farar takarda a ƙasa. Ko a kai su ƙarƙashin dogon yaro da tsakar rana. Ɗigo-ɗigon hasken nan da ke ƙasa duk zagayayyu ne, ko da yake ramukan da ke tsakanin ganye ba zagayayyu ba ne. Hoton rana ne kowannensu.

Mai Gyaran Sola: Ni dai har yanzu ban gama yarda an taka watan nan ba a 1969.

Admin: Malam, wannan a buɗe masa nasa zauren. Kar mu ɓatar wa Malama da zare.

Malama Daga Jos: Ƙarin abu ɗaya kafin a watse. Ku duba zanen jinjirin wata a littattafan da ake kawo mana, a tsaye yake kamar harafin C. Yaro kuwa in ya fita duban watan Salla, kwance yake ganin sa kamar ƙwarya an tara ta sama. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya haka yake zo mana, zanen na mutanen arewacin duniya ne. Na taɓa ganin an soke wa yarinya zane da jan biro don ta zana abin da idonta ya gani. Ku bar su su zana nasu. Ni nakan ba su aikin sati biyu daga tsayuwar wata, kowace magariba a zana shi a bayan littafi a sa kwanan wata. Su da kansu ke dawowa su ce kullum yana ƙara ƙiba yana matsawa gabas.

Malamin Islamiyya: Kuma a kwana biyu ko uku ga wata, in sama ta yi garau, ana ganin sauran jikinsa dishi-dishi a cikin ƙahonnin. Yara sun sha tambaya ta. Malam Fizik?

Malam Fizik: Hasken duniya ne. Rana ta haska mu, mu muka mayar wa wata, shi kuma ya sake mayar mana. Tauraruwar nan da ke raɓarsa da muke kira Zara matar wata, ita ma ba ta da hasken kanta, duniya ce irin tamu da rana ke haskawa.

Malamar Aji Uku: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Ranar 21 ga wata muka yi. Na sayi lemo takwas, biyu sun ɓace kafin a tashi, ban bincika ba. Da na ce su nemo mini wata a sama, dariya suka yi, wai Malama da safe? Sai wata ta ƙwalla ihu ta nuna. Ajin kusa da mu ma suka fito, malaminsu ya biyo su da bulala, ya ƙare shi ma yana ɗaga lemo. Mai caji na ba shi nasa shi kaɗai. Ya daɗe yana duban lemo yana duban sama, yana juya shi a hannu ko hasken zai bi ɓawon ya juya, ya ga bai bi ba. Ya ce, "Malama, ashe ba ya kunnuwa, haska shi ake yi." Na hasumiya kuma tun kafin in tambaya suka kawo labari, har da wanda ya ce babansa ya ɗauka aljanu yake kallo. Yanzu sabuwa ta taso. Yarinyar da ta fara cewa na manta wata ta ce in dai wata yana can nesa yana harkarsa, me ya sa yake bin ta duk inda aka goya ta a babur da dare, in sun tsaya shi ma ya tsaya? Ranar Talata za mu haɗu.

Baban Walida: Wannan ajin naki sai an ƙara miki albashi.

Tsohon Hedimasta: Kar ki ba ta amsa tukuna. Ki ce in an sake goya ta, ta lura da abu uku: turakun wuta na bakin titi, wata doguwar bishiya ko ƙarfen sabis da ke can nesa, da watan. Ta zo ta gaya miki wanne ya fi saurin komawa baya.

Malamar Aji Uku: To Baba. Amma babur ɗin yayanta ne, kuma ta ce gudu yake kamar zai tashi sama. Bari in fara aika masa ya riƙa tafiya a hankali.